Kailu Mai Tumbi da Rago Mai Lamba Bakwai

A Filinge, in ka ce Kailu sai an tambaye ka wane Kailu, amma in ka ce Mai Tumbi, ko akuyar kasuwa ta san wanda kake nufi. Mahauci ne, sai dai ba irin waɗanda ke rataye cinya da ƙirji suna hura hanci ba. Shi kayan ciki ne rabonsa, wato tumbi da hanji da saifa da duk abin da manyan mahauta ke turewa gefe da ƙafa. Shekara arba'in da ƴan kai ya yi yana wanke su a bayan mahauta, yana sayarwa a kan wani tsohon tebur da aka tokare ƙafarsa ɗaya da bulo. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, kuma ko ya yi wanka da sabulu uku ranar Juma'a, wanda ya tsaya kusa da shi a sahu ya san sana'arsa.

Abin da ya ɗaukaka shi hannunsa ne. Dillalai kan ɗauke shi a mota ranar Lahadi su kai shi kasuwar Baleyara, don kawai ya taɓa musu dabba kafin su saya. Sai ya ɗora tafinsa a kuiɓin saniya, ya rufe ido ɗaya, ya ɗan danna, ya ce akwai leda a ciki da guntun igiyar guga. In an yanka sai a tarar da su. Akwai ranar da ya ce wani bijimi ya haɗiye silifa, aka yi ta masa dariya har mahauta, da aka buɗe sai ga silifa. Tun daga ranar bakin Kailu bai sake rufuwa ba. Ko ba a tambaye shi ba yakan ce ba a halicci cikin da zai ɓoye masa sirri ba, kuma da ya yi lakwal, wato makarantar boko, da yanzu likitocin Yamai shi suke ɗaukar wa jaka.

A wani ƙauye na Kurfai aka haife shi. Ubansa Ɗangoma har ya mutu bai bar al'adar kakanni ba. In wani ya kwanta ciwo a gidan, sai a kira masu bori, iskoki su faɗi irin akuyar da suke so, ja ko baƙa. A kawo ta, a shafa ta a jikin marar lafiya, a kai ta gindin itace, sannan tsohon ya buɗe cikinta ya duba ya faɗi abin da ya gani. Kailu yana riƙe masa ƙafar akuya tun bai iya ɗaura wando ba. Da ya shekara ashirin ya sauko gari, ya kama salla, ya bar duk wannan a baya, ko kuwa haka yake cewa. Amma abu biyu sun biyo shi: idon duba ciki, da wata magana da ta zauna masa a kai, cewa a sha'anin magani dabba ce ke shiga gaba, mutum ya biyo baya. Zaman gari ma bai ƙaryata shi ba, don kowace shekara sai malaman dabbobi sun zo sun yi wa shanu allura, ba a jima ba kuma sai ga ƴan asibiti da tasu allurar ta mutane.

Mutum ɗaya ce a duk Filinge hannun Kailu bai taɓa burge ta ba, ita ce matarsa Tanne. Shekara talatin da huɗu suna tare. Abin da ya kwantai a teburinsa ita ke mayar da shi farfesu ta sayar a ƙofar gida, kuma kowa ya san yajinta ne ke rufa wa tumbinsa asiri. In ya fara labarin silifar nan, sai ta ce ya manta bai faɗi lambar takalmin ba. Yana jin haushi, amma in ta je biki Damana ta kwana biyu, sai ka gan shi yana yawo a tsakar gida kamar wanda ya jefar da wani abu.

To, cikin Tannen nan ne ya lalace. Ta daɗe da gyambon ciki, tana sha masa kanwa tana wucewa. Sai ya zama in ta ci tuwo ya tsaya mata a ƙirji, can anjima ta amayar da shi, wani lokaci har da na jiya. Daga tuwo ta koma kunu, daga kunu ta koma ruwan fura. A asibitin gari aka duba ta, aka ce ƙofar da abinci ke bi daga tumbi zuwa hanji ce tabon gyambon ya tsuke, sai an kai ta Yamai an tsaga an buɗe wata hanyar. Aka ba su takarda. Kailu, mai sanin cikin kowa, bai ko ɗora hannunsa a nata ba. Yana cewa ai hannunsa na dabbobi ne, amma gaskiyar maganar tsoron abin da hannun zai gaya masa yake yi.

Tanne ta ce ba inda za ta. Da ya matsa mata, sai ta dube shi ta ce, "Shekara talatin da huɗu ina kallon cikin da kaka tsagawa, maigida. Guda nawa sunka tashi sunka koma gida?"

Ƴarsu Najiba, wadda ke aure a Yamai, ita ce ta ɗauki yaƙin ta waya. Kullum sai ta kira, yau lallashi, gobe kuka, jibi ta haɗa uwar da Allah da Annabi. Wata biyu ana haka, har dai Tanne ta gaji. Ta ce to, za ta shiga motar Litinin. Ta fito da zannuwanta uku da butarta da takardar asibiti, ta ɗaure su a ƙunshi ɗaya ta ajiye a bakin gado.

A cikin satin nan ne aka aiko ana neman Kailu. Wata likita ce, Samiratu, ƴar garin, wadda ta tafi karatu ƙasar waje ta dawo da gilashi da mutum uku masu farin kaya. Kailu ya san ta sarai, don shi ya feɗe ragon sunanta. Sun gyara wani tsohon shingen dabbobi a bayan gari, sun sa masa kwano da fanka da farantin hasken rana. Wai faroje ne, wato wani shiri na bincike, na gwada wata sabuwar dabara ta haɗa tumbi da hanji ba tare da an tsaga ciki ba, kuma ita so take ta nuna za a iya yi da ƴar na'urar da ake ɗauka a jaka, nesa da babban asibiti. Can inda ta yi karatu a jikin alade ake gwadawa. Ɗaya daga cikin masu farin kayan ma har ya shiga kasuwar Filinge yana tambayar layin aladu, aka nuna masa hanyar tasha. A ƙarshe sai suka koma ga raguna, tunda cikin rago ɗaki huɗu ne, na huɗun kuwa, wanda ke daf da hanji, ya yi kama da na mutum. Raguna takwas suke so masu lafiya, marasa leda a ciki, da kuma wanda zai kula da su sati shida. Wa za a kira in ba Mai Tumbi ba?

Ya zaɓo musu takwas da hannunsa, aka huda kunnuwansu aka maƙala lamba. Ranar aikin aka bar shi ya tsaya a ciki don ya riƙe ƙafa. Aka hana ragunan ci da sha tun safe, aka yi wa na farko allurar barci, aka aske masa wani ɗan wuri a ciki, aka shafa wani mai yauƙi. Samiratu ta ɗora wani abu kamar sabulun wanka tana gogawa, sai ga hoto a allon na'ura, toka-toka kamar ruwan wanke-wanke. Suka ce wai cikin ragon ke nan. Sun kusa rabin awa suna neman inda hanji ya kwanta jikin tumbi, suna gardama da Faransanci. Da Kailu ya gaji, sai ya sa yatsa biyu ya danna ya ce a gwada nan. Aka gwada, sai ga shi. Wani ya rubuta a littafi cewa na'ura ta gano wurin.

Abin da ya biyo baya kuwa ya kashe masa baki, abin da ba a taɓa gani ba. Samiratu ta soka wata doguwar allura ta fata, tana kallon hoton ba ta kallon ragon, allurar ta shiga tumbi ta ɓulla cikin hanji. Ta zura siririyar waya ta cikinta, sannan ta tura wani ɗan bututu na saƙar ƙarfe, tsukakke a tsakiya, buɗaɗɗe a baki biyu, kamar ɗan ƙaramin kalangu. Ta ce shi zai riƙe bangon tumbi da na hanji wuri ɗaya har nama ya haɗe da nama, sabuwar ƙofa ta samu. Da ta zare kayanta, abin da ya rage a fatar ragon bai fi cizon kaska ba. Kafin la'asar ragon ya miƙe yana neman harawa.

Kailu ya zuba wa ragon ido. Ga ƙofar da aka ce za a tsaga Tanne a buɗe mata, an buɗe ta a gabansa babu wuƙa, kuma mai cikin ya tashi. Ya matsa kusa da Samiratu tana tsakiyar wanke hannu, ya ce, "Ɗiyata, bayan raguna sai mutane ko?"

"Shi ne burinmu, Baba," in ji ta. "In suka yi sati shida lafiya, mun ci nasara."

Ba ta yi ƙarya ba, kuma da ya ƙara tambaya ɗaya da ta ba shi amsa. Amma bai ƙara ba, don a ganinsa maganar ta fito fili: dabba ta shiga gaba, sati shida, sai mutum. Maganar Tanne kuwa bai ɗauko ta ba. Ina zai iya buɗe baki ya gaya wa yarinyar da ya ci naman sunanta cewa matarsa na amai? Ga kuma Maidoki dillali, abokin wasansa, wanda in ya ji cewa cikin gidan Mai Tumbi ne ya gagari Mai Tumbi, sai labarin ya riga motar Lahadi isa Baleyara.

Ya koma gida da sauri har yana tuntuɓe. Ya zauna ya kwatanta wa Tanne komai, da allurar da hoton da ɗan kalangun, ya ƙara gishiri inda ya ga ya kamata, musamman wajen yatsunsa biyu. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi wane irin ciwo ragunan suke yi. Ya ce lafiyarsu ƙalau, shi ya zaɓo su. Ta ce to, ashe yanzu masu lafiya ake yi wa magani, dole marasa lafiya su jira. Amma ya ga idonta ya canja. Mace ce da ta yarda za ta shiga motar Litinin kamar wadda za a kai mahauta, sai ga shi an ce mata akwai wata hanya. Ta ce sai ta ga ragon da idonta. Kailu ya miƙa hannu ya jawo ƙunshin nan na bakin gado, ya kwance shi da kansa, ya mayar da zannuwan cikin akwati, takardar asibiti kuwa ya tura ta ƙarƙashin katifa.

Da Najiba ta ji, sai ta yi ta kuka a waya, tana roƙon Baba ya taimake ta ya sa Inna a mota. Ya ce mata ita yarinya ce, ba ta san ciki ba. Ya ce sati shida kamar gobe ne.

Likitar ta ce a riƙa zagayawa da ragunan da yamma don su motsa jiki. Kailu ya ga hanyar da ta fi dacewa da lafiyar rago ita ce wadda ta bi ta ƙofar gidansa. Mai lamba bakwai ya fi jawowa, wani uda, gabansa baƙi bayansa fari, mai ci kamar gara. Tanne takan zauna a kan tabarma a zaure, a kawo mata shi, ta shafa cikinsa tana neman tabo ba ta samu ba. Ta sa masa suna Ɗan'uwa. Dusar da take tankaɗewa da ragowar furar da ta kasa sha duk shi take ajiye wa, ta zuba masa ido yana ci, tana jira ta ga ko zai dawo da shi. Bai taɓa dawowa da komai ba sai tuƙa, irin ta kowane rago.

Mutanen gari kuwa sun samu abin yi. Safe da yamma ana auna zafin jikin ragunan, kowace Asabar a ɗora su a sikeli, in ɗaya ya yi tari sai mutum uku su taso da gudu. Fankarsu ba ta tsayawa ko an ɗauke wuta a gari. Tsofaffi suka fara zuwa suna jingina da shingen suna tari da ƙarfi, ko Allah zai sa a ji. Maidoki ya ce shi a huda masa kunne a sa masa lamba tara, ya yarda zai ci harawa. A ƙofar masallaci aka kwana uku ana gardama a kan ko ragon da ke da ƙarfe a ciki ya halatta a yi layya da shi, alhali ba wanda ya yi musu tayin ko ɗaya. Kailu yana tsakiyar duk wannan da farar rigar da aka ba shi, wadda ta sauko masa har gwiwa, yana yi wa mutane bayani kamar shi ya ƙirƙiro abin.

Mai lamba bakwai ya yi ta ƙiba, Tanne ta yi ta ƙarewa. A sati na uku ta daina farfesu don ba ta iya tsayuwa a gaban murhu. A na huɗu awarwaronta suka fara zamewa har gwiwar hannu. A na biyar sai an riƙe ta take fitowa zaure. Kailu yana gani, ba makaho ba ne, kuma abin yana cin ransa ƙwarai. Sai dai duk lokacin da tsoro ya taso masa, sai ya je ya taɓa cikin ragon ya ji komai daidai, ya dawo da ƙarfin gwiwa. Yana ɗaura ƙulli ɗaya a wata igiya kowace safiya, yana nuna mata yadda sauran kwanakin ke raguwa.

Ranar da sati shida suka cika, ya tashi da shiri irin na wanda ya san yadda layin allura yake a Filinge: in ba ka zo da wuri ba, sai ka wuni. Ya hana Tanne ko kurɓar ruwa, tunda haka aka yi wa ragunan. Ya sa maƙwabciyarsu ta ɗaura mata zanenta na salla, ya shimfiɗa katifa a amalanken jaki, ya kwantar da ita, ya ja har bakin shingen. Ya ji daɗi da ya ga babu kowa a gabansu. Ya tsayar da amalanken a inuwar gawo, ya ce mata ita ce ta farko.

A ciki ya tarar an shimfiɗa tamfol, an jera kwalabe takwas masu faɗin baki da wani ruwa a ciki, kowace da lambarta. Samiratu ta tare shi da fara'a, ta ce duka takwas sun yi lafiya, yau za a gama. Ta tambaye shi ko ya zo da wuƙarsa. Ya ce wuƙar me? Ta ce ai dole a yanka su a buɗe, a ga yadda ƙofar ta haɗe da ido, a yanko wurin a kai ɗakin bincike. Haka ake yi, tana cikin takardar da aka karanta masa ranar farko. An kuwa karanta masa, da Faransanci, ya gyaɗa kai.

Ɗan Ɗangoma ne shi, ya riƙe ƙafar akuya ta fi ɗari a gindin itace. Ya tuna cewa dabba ce ke shiga gaba, amma ya manta yadda akuyar take ƙarewa. Ya ce to, a yanka, amma mutane fa, yau za a fara ko gobe? Samiratu ta yi ƴar dariya, ta ce ai da sauran tafiya. Sai an rubuta, an sake gwadawa a wasu dabbobin, manya sun duba sun ba da izini. In Allah ya taimaka, shekara biyar, ko goma.

"Shekara," in ji Kailu.

Daga yadda ya faɗe ta ne ta dube shi da kyau, sannan ta bi inda idonsa ke kallo, ta hango amalanke a gindin gawo. Ta fita ta nufi wurin. Ta durƙusa ta gaida Tanne, ta ja fatar hannunta ta ga ba ta koma ba, ta duba idonta da harshenta, ta tambaye ta tun yaushe. Tanne ta gaya mata komai, har da takardar da ke ƙarƙashin katifa da motar Litinin. Samiratu ta cire gilashinta ta riƙe a hannu. Ta juyo ta ce, "Baba, don me ba ka gaya mini ba?" Ta ce yau ɗin nan za a tafi da ita Yamai a motar faroje, da zarar an gama, kuma a gama da sauri. Kafin nan ta sa aka ɗaura mata ƙarin ruwa, daga cikin wanda aka tanada saboda raguna, aka rataye shi a reshen gawon.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kailu ya aika aka ɗauko wuƙarsa, ya yi bisimilla ya fara daga mai lamba ɗaya. Da aka zo kan na bakwai sai hannunsa ya tsaya. Ragon ya saba da shi, yana ta shinshina aljihunsa. Daga amalanke Tanne ta ce ya yanka, aikinsa ne, amma in ya buɗe ya kawo mata ta gani. Ya yanka, ya buɗe, ya ɗauko wurin a faranti ya kai mata. Ƙofar ta haɗe sumul, nama ya rungumi nama, ɗan kalangun yana zaune a tsakiya. A shekara arba'in na wankin tumbi Kailu bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma bai taɓa ƙin jinin wani abu kamarsa ba.

Tanne ta zura ɗan yatsanta ta ƙofar ya fito ta ɗaya gefen. Ta ce, "Ashe ƴar wagga ta. Ta yi kyau." Ta goge yatsan a bakin zanenta. "To, Ɗan'uwa da ba a tsaga ba ma ga shi an tsaga. Kai ni wurin masu wuƙa, maigida. Su ko ba komi suna ɗumkewa."

Haka suka biya gida suka ɗauki takardar, suka kama hanyar Yamai, Samiratu ta bar mata kujerar gaba, ita ta koma baya da Kailu da kula mai kwalabe takwas. A asibitin, likitan da ya karɓe su ya ce aikin da take bukata tsohon aiki ne, tun kafin a haife shi ake yinsa, kuma ba ya sati bai yi ɗaya ba. Sai dai jikin nan ba zai ɗauki wuƙa ba yanzu, sai ta yi ƙarfi. Ya duba ranar da ke jikin takardar, ya dubi Kailu. Najiba, wadda ta tare su a can, ta fara yi wa uban faɗa, amma uwar ta ce ta bar ubanta ya ji da abin da ke damunsa.

Kwana tara aka yi ana zuba mata ruwa da magani. A safiyar na tara, Najiba ta fita neman ruwan zafi, sai Tanne ta kamo hannun Kailu, wannan faffaɗan tafin da duk Baleyara ke layi a kansa, ta ɗora a cikinta. Ta ce ya faɗa mata abin da ya ji, tunda ba a yi cikin da ke ɓoye masa sirri ba. Ya rufe ido ɗaya don sabo, ya ɗan danna.

"Bari, na gani," in ji ta. "Haka kaka yi da huska in saniya ba ta kai gida."

Kafin azahar ta cika. A Yamai aka rufe ta.

Kailu yana nan har yau a kan teburinsa mai bulo, sai dai ya daina zuwa Baleyara. Dillalai sun yi roƙon duniya, ya ce hannunsa ya tsufa. Labarin silifa ma in ba wani ya ɗauko ba, ba ya ɗaukowa, kuma Maidoki, wanda ba ya barin kowa, bai taɓa yi masa wasa da wannan maganar ba. Bayan wata takwas Samiratu ta zo da kanta ta sake yi masa gaisuwa, ta daɗe a durƙushe, sannan ta miƙa masa wasu takardu da aka buga a ƙasar waje, da hotunan toka-toka a jiki. Ta nuna masa sunansa can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, inda aka yi masa godiya saboda kula da dabbobi. Ta ce takwas cikin takwas, babu matsala ko ɗaya, kuma an yaba da aikin sosai. Ya ce Allah ya sa a amfana, kuma da gaske yake.

Ya sa shafin farko a leda, ya buga shi da ƙusa a jikin rumfarsa, sama da inda yake rataye hanji. Baƙi da ke zuwa ranar kasuwa sukan tsaya su dubi takardar, su tambaye shi me ta ce. Kailu ba ya ɗaga kai daga abin da yake yankawa.

"Cewa tay yi ragunan sun warke," yakan ce. "Duka takwas."

Sai ya naɗe wa mutum tumbinsa ya miƙa masa.